Daren tuna Sinatra ba shi zai cika zaure da matasa ba

A kowace shekara, daga tsakiyar watan Yuli zuwa tsakiyar Satumba, zauren Royal Albert Hall da ke Landan kan karɓi bikin kaɗe-kaɗen da ake kira Proms, wanda BBC ke shiryawa. Makonni takwas ake kwashewa ana kiɗa kusan kullum.

Akasarin abin da ake ji a wurin ayyukan manyan masu tsara kiɗan Turai ne irin su Mozart da Beethoven da Mahler. Okestira ce ke kaɗa su, wato babbar ƙungiyar makaɗa mai goge iri-iri da kayan busa da ganguna, waɗanda kan kai mutum 80 ko fiye, duk suna bin hannun jagora guda.

Sai dai a 'yan shekarun nan wani irin dare ya samu gindin zama a jadawalin bikin, shi ne daren karrama tsohon mawaƙi da ya riga mu gidan gaskiya.

A 2015 an yi na Frank Sinatra don cika shekara 100 da haihuwarsa. A 2017 aka yi na Ella Fitzgerald da Dizzy Gillespie. Na Nina Simone ya biyo baya a 2019, na Aretha Franklin a 2022, na Lata Mangeshkar a 2023, sai na Sarah Vaughan a 2024.

Hujjar da aka fi bayarwa kan irin waɗannan darare, a Landan da sauran biranen da ke yin bukukuwan okestira, ita ce jawo sabbin masu sauraro, musamman matasa.

Niyyar tana da kyau, kuma dararen suna da amfaninsu. Amma akwai buƙatar a faɗa wa juna gaskiya. Mawaƙin da ya yi tashe a zamanin kakanni, kakannin yake fara kirawowa. Duk bikin da ya jingina makomarsa da sunayen mamata, yana fatan su jawo masa 'yan shekara 20, ya kama hanyar da ba za ta kai shi inda yake so ba.

Dalilin da ya sa hankalin masu shiryawa ya tashi

Damuwar ba ta banza ba ce. A Amurka, hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa fasaha takan gudanar da bincike lokaci-lokaci kan irin wasannin da jama'a ke halarta. A 1982, kashi 13 cikin 100 na manya sun ce sun je sauraron kiɗan gargajiyar Turai aƙalla sau ɗaya a shekarar. Zuwa 2017 adadin ya sauka ƙasa da kashi 9.

Okestira kuwa aba ce mai tsada. Makaɗa da dama ne ke cin albashi, ga kwanakin gwaji kafin kowane wasa, ga kuɗin zaure. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe ta, dole sai da tallafin gwamnati ko na masu hannu da shuni.

A Birtaniya wannan tallafi yana tangal-tangal. A watan Nuwamban 2022, hukumar da ke raba kuɗin fasaha a Ingila ta cire kamfanin English National Opera daga jerin masu samun tallafi na dindindin, ta kuma nemi ya tattara ya bar Landan. Daga baya kamfanin ya zaɓi yankin Manchester.

A watan Maris na 2023, ita kanta BBC ta sanar da cewa za ta rufe ƙungiyar mawaƙanta ta BBC Singers, wadda ke dab da cika shekara 100, ta kuma rage kashi 20 cikin 100 na guraben albashi a okestirorinta uku da ke Ingila. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin ta janye batun rufewar.

Bikin Proms yana tafiya ne da kuɗin tikiti da kuma kuɗin lasisin talabijin da gidajen Birtaniya ke biya, wanda ya kai fam 169 da rabi a 2024. Matashin da ke biyan wannan kuɗi, alhali bai taɓa taka zauren ba, yana da ikon tambayar me ya sa ake kashe guminsa a kan abin da bai shafe shi ba.

Saboda haka neman matasa ya wuce kwalliya. Idan ba su zo ba, nan da shekara 20 babu mai cika kujerun, babu kuma mai tsayawa ya kare tallafin idan 'yan siyasa suka ɗauko almakashi.

Su wane ne waɗannan mawaƙa?

Kafin tsakiyar shekarun 1920, mawaƙi a Amurka ko Turai dole ne ya kasance mai ƙarfin murya, domin na kujerar ƙarshe ya ji shi. Da aka fara ɗaukar sauti da makirufo mai aiki da lantarki a 1925, rediyo kuma ya shiga gidaje, sai salo ya sauya.

Mawaƙi ya samu damar matsowa kusa da makirufo ya rera a hankali, tamkar yana yi wa mutum ɗaya raɗa a kunne. Daga nan aka samu masu lallausar murya irin su Bing Crosby, sannan Frank Sinatra da Nat King Cole da Tony Bennett.

Yau ana yi musu kallon dattawan kirki masu kwat da laktaye. A zamaninsu ba haka abin yake ba. A 1932 babban limamin Katolika na birnin Boston, William O'Connell, ya fito fili ya la'anci wannan salo. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ita kanta BBC ta kafa kwamitin da ya taƙaita sanya irin waɗannan waƙoƙi, bisa ganin cewa suna kashe wa jama'a jiki a lokacin da ake buƙatar jarumta.

A ƙarshen Disamban 1942, Sinatra yana ɗan shekara 27 ya hau dandalin Paramount a birnin New York, 'yan mata suka yi ta ihu har wasu na suma. Da ya koma wurin a Oktoban 1944, dubban matasa suka toshe tituna, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani.

Ke nan Sinatra mawaƙin matasa ne na gaske, amma matasan 1944. Yarinyar da ta yi masa ihu a wannan shekarar tana da shekara 15, ta kai 86 a daren da aka karrama shi a Landan a 2015. Saurayin da ya sayi faifansa a 1956 yana da shekara 20, ya kai 79.

Wannan lissafi bai buƙatar dogon bincike. Mutumin da bai taɓa zuwa Proms ba, ya zo saboda Sinatra, sabon mai sauraro ne, amma ba lallai ya zama matashi ba. Masu shirya bukukuwa kan haɗa kalmomin biyu a jimla ɗaya kamar abu guda ne, alhali kowanne da hanyar samunsa.

Abin da dararen karramawa ke yi da kyau

Wannan ba ya nufin a watsar da su. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai zuma a nan.

Na farko, waƙoƙin waɗannan mutane tun asali da okestira aka yi su. Lokacin da Sinatra ya koma kamfanin Capitol a 1953, tauraronsa ya dusashe. Haɗuwarsa da mai tsara kiɗa Nelson Riddle na cikin abin da ya farfaɗo da shi. Riddle ne ya rubuta abin da kowane mai goge da kowane mai busa zai yi a bayan muryar, inda za su yi ƙasa su ba ta wuri, da inda za su taso su amsa mata.

Saboda haka idan okestira ta kaɗa waƙar Sinatra ba aron riga ta yi ba, kayanta ta ɗauko. Wannan ya bambanta da ɗauko waƙar da aka yi da jita biyu da ganga a lulluɓa mata goge 40 don kawai ta dace da zaure.

Na biyu, wasu daga cikin dararen nan aikin ceto tarihi ne. Jagoran makaɗan da ya ja ragamar daren Sinatra na 2015, John Wilson, ya yi suna ne da wani aiki mai wahala. A 1969 kamfanin finafinai na MGM ya zubar da takardun kiɗan tsofaffin finafinansa. Wilson ya zauna yana sauraron sautin finafinan yana sake rubuta kason kowane makaɗi da kunne, ya kawo sakamakon Proms a 2009. Ba don irin wannan haƙuri ba, da kiɗan ya tsaya a cikin tsohon faifai kawai.

Na uku, daren karramawa yakan buɗe ƙofa ga al'ummar da ba ta ɗaukar zauren a matsayin nata. Misali mafi kusa da kunnen Bahaushe shi ne na Lata Mangeshkar.

Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya, ko a silimun Kano da Kaduna da Jos na da, ko a kaset, ko a rediyo, ya san wannan murya. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne wannan tarin goge da ke tashi kafin ta buɗe baki. Okestira ce, a ɗakunan ɗaukar sauti na Bombay. Miliyoyin mutane sun shekara suna jin okestira ba tare da sun kira ta da sunan ba.

Lata ta rasu a watan Fabrairun 2022 tana da shekara 92. A 1974 ita da kanta ta yi waƙa a Royal Albert Hall. A 2023 okestirar birnin Birmingham, garin da ke da ɗimbin 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangladesh, ta karrama ta a wannan zaure tare da mawaƙiya Palak Muchhal. Tun a 2008 wannan okestira ta yi irin haka ga Mohammed Rafi tare da Sonu Nigam.

Irin wannan dare yana da fa'idar da na Sinatra ba shi da ita sosai. A gidajen 'yan asalin Kudancin Asiya waƙoƙin Lata ba su daina yawo ba, ana sa su a biki, ana sa su a mota, jika na ji tare da kaka. Inda waƙa ke raye a cikin gida, daren karramawa na iya kawo iyali gaba ɗaya.

Tarkon dare ɗaya

Matsalar ta fi fitowa ne washegari. Wanda ya zo daren karramawa ya ji abin da ya riga ya sani, ya ji daɗi, ya tafa, ya koma gida. Me zai sa ya dawo ranar Talata da za a kaɗa simfoni ta Brahms mai tsawon minti 45 babu murya ko ɗaya?

Idan ba a gina masa gada ba, babu. An sayar masa da tikitin wasa ɗaya ne kawai, a zauren da ke yin wasanni fiye da 70 a kakar.

Ko dararen da aka shirya musamman don matasa ba su tsira daga wannan tarko ba. A 2015 ɗin dai, an yi daren kiɗan rawa na tsibirin Ibiza tare da mai gabatar da shiri a rediyo Pete Tong da jagoran makaɗa Jules Buckley. Ya yi farin jini ƙwarai, har ya haifar da faifan da ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2016, da kuma rangadi a manyan filayen wasa.

Nasara ce, amma ta zama sana'a mai cin gashin kanta a wajen bikin. Kuma da yawa daga cikin kaɗe-kaɗen na shekarun 1990 ne, wato shi ma tuna baya ne, sai dai na iyaye maimakon na kakanni.

BBC ta gwada wasu hanyoyin. Akwai daren shirin talabijin na Doctor Who tun 2008, da daren mawaƙan gambarar Landan a 2015 wanda Stormzy ya fito a ciki, da daren kiɗan wasannin bidiyo a 2022, da na Sam Smith da na Florence and the Machine a 2024. Waɗannan sun fi kusa da kunnen matashi. Amma tambayar tana nan: bayan daren, ina aka nufa da shi?

Masu shiryawa kan yi alfahari da yawan waɗanda suka sayi tikiti karon farko. Adadin da ya fi muhimmanci shi ne na waɗanda suka dawo karo na biyu, suka zaɓi wani wasa dabam. Shi ya kamata a riƙa fitarwa kowace shekara, tare da shekarun masu sayen, tunda da kuɗin jama'a ake aikin.

Darasin Tony Bennett

Tarihin mawaƙan nan da kansu ya nuna yadda tsohuwar waƙa ke isa ga matashi. A ƙarshen shekarun 1970, Tony Bennett ba shi da kwantiragi da kowane kamfani, kasuwarsa ta mutu. Ɗansa Danny ya karɓi ragamar harkokinsa.

Danny bai sa mahaifinsa ya sauya salo ba. Kwat ɗin na nan, waƙoƙin na nan. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake ganinsa. Ya kai shi shirye-shiryen talabijin na dare da matasa ke kallo, ya sa shi a cikin shirin zane na The Simpsons, ya kai shi tashar MTV.

A 1992 Bennett ya fitar da faifan karrama Sinatra. A 1994 ya yi wasa a shirin MTV Unplugged, kuma faifan wannan wasa ya lashe kyautar Grammy ta faifan shekara a 1995, yana da shekara 68. A 2011 ya yi waƙa da Amy Winehouse. A 2014 faifansa da Lady Gaga ya hau matsayi na ɗaya a Amurka yana da shekara 88. Ya rasu a 2023 yana da 96.

Abu biyu suka yi aiki a nan. Mawaƙin yana raye, ana ganinsa, ana jin numfashinsa. Sannan shi ya tashi ya je inda matasan suke, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suke ƙauna, ba tare da ya rage ingancin abin da yake yi ba.

Misali na biyu ya fi sabo. Laufey, mawaƙiya 'yar ƙasar Iceland da aka haifa a 1999, ta tashi tana koyon babban goge da piyano. Tana rubuta sababbin waƙoƙi cikin salon zamanin Ella Fitzgerald, amma kan abin da ke damun tsararta. Ta samu mabiyanta ne ta TikTok da Instagram.

Ta yi wasa da okestirar ƙasarta, ta lashe Grammy a 2024, kuma a shekarar ta yi wasa da okestirar Los Angeles a dandalin Hollywood Bowl. Ita ma Samara Joy, wadda aka haifa a 1999, tana rera tsofaffin waƙoƙin jaz, ta lashe Grammy ta sabuwar mawaƙiya mafi fice a 2023.

Ashe matasa ba gudun salon suke yi ba. Sun fi amsa kiran tsaransu ne. Idan 'yar shekara 25 ta ce musu ga wanda ta koya a wurinsa, za su je su nemo Sinatra da Nat King Cole da kansu a wayoyinsu. Sunan marigayi a jikin allon talla ba ya yin wannan aikin.

Masu cewa an ɓata bikin

A ɗaya gefen akwai masu ganin cewa duk irin waɗannan darare zubar da mutuncin bikin ne. Kowace shekara idan aka fitar da jadawali sai an ji su a jaridun Birtaniya. Tarihin bikin bai goyi bayansu ba.

Robert Newman, manajan zauren Queen's Hall, shi ya kafa Proms a 1895, ya ɗauko jagoran makaɗa Henry Wood yana ɗan shekara 26. Manufar Newman a fili take: ya fara da kaɗe-kaɗe masu sauƙi da jama'a ke so, ya riƙa ɗaga matsayi sannu a hankali, har ya samar da masu sauraron manyan ayyuka.

Tikitin tsayuwa sule ɗaya ne. An yarda mutum ya ci, ya sha, ya zagaya yayin da ake kiɗa. Daga wannan zagayawa sunan bikin ya samo asali. BBC ta karɓi ragama a 1927, kuma bayan bama-baman Jamus sun rushe Queen's Hall a 1941 aka koma Royal Albert Hall. Tun a 1970 wata ƙungiyar kiɗan zamani mai suna Soft Machine ta yi wasa a bikin.

Ke nan haɗa mai sauƙi da mai nauyi shi ne tushen bikin. Amma akwai wani bambanci da ya kamata masu shiryawa na yau su lura da shi. Newman da Wood a dare ɗaya suke haɗa su. Wanda ya zo don waƙar da ya sani, sai ya ji Wagner ko Beethoven kafin ya fita, ko ya so ko bai so ba.

Yau an raba gari. Daren mai sauƙi dabam, na mai nauyi dabam, kowanne da jama'arsa, ba sa haɗuwa ko a bakin ƙofa. An riƙe rabin dabarar Newman an yar da rabi.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne a dawo da wannan haɗi. Daren Sinatra zai iya ɗaukar minti 15 na Ravel ko Debussy, waɗanda salonsu ya yi tasiri a kan masu tsara kiɗa irin su Riddle. Jagoran makaɗa ya juyo ya yi wa jama'a bayani cikin jimla uku, ya nuna musu inda wannan ya sha nonon wancan. Wanda ya ji alaƙar da kunnensa yana da dalilin dawowa.

Na biyu, a ba matasa makirufo. Idan za a karrama marigayi, a ɗauko mawaƙan da 'yan shekara 20 suka sani, a bar su su rera tsohuwar waƙa da tasu sabuwa a dare ɗaya. Masu kwaikwayon murya da hula da tafiyar marigayi suna faranta wa tsofaffi rai, amma matashi kallon gidan tarihi yake yi musu.

Na uku, a kare tikiti mai araha. Babban makamin Proms bai taɓa zama sunan wani mawaƙi ba. Tikitin tsayuwa ne, kimanin 1,000 da ake sayarwa a ranar kowane wasa a kan ƙasa da fam 10, a zauren da ke ɗaukar mutum fiye da 5,000, da kuma rabin kuɗi ga 'yan ƙasa da shekara 18. Masu tsayuwar nan su ne mafi kusa da makaɗa. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci zai iya gwada abin da bai sani ba idan farashin bai wuce na cin rana ɗaya ba.

Na huɗu, matasa su ga irinsu a kan dandali. A 2007 okestirar matasan Venezuela mai suna Simón Bolívar ta zo Proms ƙarƙashin Gustavo Dudamel, yana ɗan shekara 26. Sun kaɗa simfoni ta 10 ta Shostakovich, aiki mai nauyi da babu sassauci a cikinsa, kuma har yau ana ambaton daren cikin mafi armashi a tarihin bikin na baya-bayan nan. Makaɗan sun fito ne daga shirin koyar da yara kiɗa kyauta da José Antonio Abreu ya kafa a 1975.

Haka ma okestirar Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar Birtaniya mai uba ɗan Najeriya, ta kafa a 2015 don baƙaƙen fata da sauran tsirarun ƙabilu. Ta fara wasa a Proms a 2017 tare da Sheku Kanneh-Mason, mai kaɗa babban goge, yana ɗan shekara 18. Yaron da ya ga wannan a talabijin ya san cewa zauren bai fi ƙarfinsa ba.

Na biyar, kuma mafi wuya, shi ne makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. BBC ta ƙaddamar da shirin Ten Pieces a 2014 don kai kiɗan okestira azuzuwan firamare, tana kuma yin wasanni na ƙananan yara a bikin. Ta fara kai wasu wasannin wajen Landan, zuwa garuruwa irin su Gateshead da Bristol. Irin wannan aiki ba ya yin kanun labarai kamar daren tauraro, kuma sai bayan shekara 10 ko 15 ake ganin amfaninsa. Shi ya sa shi ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba.

A ci gaba da karramawa, a daina ruɗin kai

Sinatra ya rasu a 1998, Nat King Cole tun 1965, Bing Crosby a 1977. Sun cancanci a tuna da su a babban zaure, da cikakkiyar okestira, a kuma ambaci sunayen masu tsara kiɗan da suka tsaya a bayansu. Dattijon da ya biya kuɗin lasisi shekara 50 shi ma yana da haƙƙin samun darensa.

Abin da bai dace ba shi ne a rubuta wannan dare a shafin nasarorin jawo matasa, a rufe littafi, a ce an yi aiki. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma canjin da ake buƙata yana cikin farashin tikiti, da wanda ke riƙe da makirufo, da abin da ake kaɗawa kafin waƙar da kowa ya sani da bayanta, da kuma ajin kiɗa a makarantar gwamnati.

Lokacin da za a fitar da jadawalin kaka mai zuwa, a Landan ko a wani birni, abin dubawa ba sunan wanda za a karrama ba ne kaɗai. A duba wa zai rera, nawa ne shekarunsa, me aka haɗa masa a daren, nawa ne tikitin tsayuwa, sannan a tambayi masu shiryawa mutum nawa daga cikin baƙin bara suka dawo.